Kundin Aiki a Kan Littafin Waƙoƙin Ƙauna na Sufaye

6 ga Janairu

Yau na kammala jerin sha'iran da littafin zai ƙunsa, kuma na rubuta daftarin gabatarwa. Tambayar da aikin ya doru a kanta ita ce: idan sufi ya tsara ƙasida yana ambaton Laila ko Su'ada, yana kukan rabuwa da rashin barci da ramar jiki, mene ne matsayin wannan soyayya ta ɗan Adam a cikin waƙarsa? Amsar da aka fi ji ita ce wai ɓawo ce kawai, a ɓare a jefar a ɗauki ƙwayar, wato ƙaunar Allah. Na ɗauki aikin ne domin wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, kuma ina ganin ta tauye wa sha'iran hakkinsu, domin mutumin da ya yi shekaru yana gyara baiti ba ya yin haka don a yar da rabin abin da ya faɗa.

A gabatarwar na fara da tushen da su kansu sufayen suke komawa gare shi. Akwai aya ta 54 a Suratul Ma'ida, inda Allah ya ambaci wasu mutane da yake son su, su ma suke son sa, da aya ta 165 a Suratul Baƙara da ke cewa muminai sun fi tsananin so ga Allah, da aya ta 31 a Suratu Ali Imrana da ta ɗaure son Allah da bin Manzonsa (SAW). Sai kuma hadisin ƙudusi na nafilfili da Bukhari ya ruwaito, inda Allah ya ce bawansa ba ya gushewa yana kusantarsa da nafilfili har ya so shi, wanda kusan babu wani babban littafin sufanci da bai kawo shi ba. Na ƙara da aya ta 21 a Suratur Rum, wadda ta sanya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah, domin ita ce ta fi kusa da batun littafin.

19 ga Janairu

Babi na farko ya tsaya da ƙafarsa. Na buɗe shi da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda ta rasu wajen shekarar 185 bayan Hijira, daidai da 801 Miladiyya, kuma na zaɓe ta ne saboda ita ce ta fi kowa nesa da ra'ayin da nake karkata gare shi. A wurinta soyayyar mahaluki kishiyar soyayyar Mahalicci ce. An ruwaito ta ƙi aure, kuma baitukan da aka jingina mata, waɗanda Abu Ɗalib al-Makki ya kawo a Ƙutul Ƙulub, sun raba so gida biyu: so na shauƙi, wanda ke shagaltar da ita da ambatonsa har ta manta da kowa, da so domin shi ne ya cancanci a so shi. Duk da haka, wanda ya saurari baitukan da kyau zai ji cewa harshen da ta yi amfani da shi na masoya ne, irin na macen da zuciyarta ta cika da mutum ɗaya har babu wurin wani. Ta rufe ƙofa ga masoyi na duniya, amma da harshensa ta yi magana.

Na biyo da abin da ya faru a Bagadaza a shekarar 264 bayan Hijira, lokacin da wani mai wa'azi da ake kira Gulam Khalil ya kai ƙarar wasu sufaye ga hukuma saboda yadda suke maganar soyayya tsakaninsu da Ubangiji. Cikinsu akwai Abul Husaini an-Nuri, wanda aka ce ya matsa gaba domin a fara kashe shi kafin 'yan'uwansa, daga baya kuma alƙalin da ya yi musu tambayoyi ya sake su. Sannan Hallaj, wanda aka kashe a birnin a shekarar 309, daidai da 922, da baitinsa mai cewa shi da wanda yake so ruhi biyu ne a jiki ɗaya. Ina so mai karatu ya gane tun daga farko cewa wannan salon magana ya taɓa zama abin da ake rasa rai a kansa.

2 ga Fabrairu

Imam Gazali ba sha'iri ba ne, amma ba zan iya tsallake shi ba, domin shi ne ya shimfiɗa hujjar da waƙoƙin suke tafiya a kanta. A littafi na 36 na Ihya'u Ulumiddin ya yi raddi ga malaman da suka ce son Allah ba kome ba ne face yi masa ɗa'a, ya kuma lissafa dalilai 5 da ke sa mutum ya so wani abu: son kansa da wanzuwarsa, son wanda ya kyautata masa, son mai kyautatawa ko da alherinsa bai iso gare shi ba, son kyau domin kyawunsa, da wata dacewa ɓoyayya da ke tsakanin rayuka biyu. Sai ya nuna cewa dalilan duka a wurin Allah suka cika. Abin lura shi ne, kowane dalili ya ciro shi ne daga abin da mutum ya riga ya ɗanɗana tsakaninsa da mutane. Wanda bai taɓa jin nauyin alherin wani a zuciyarsa ba, hujjar Gazali ba ta da wurin kamawa a jikinsa. Fasalin gajere ne, kuma haka zan bar shi.

23 ga Fabrairu

Tun farkon wata ina kan Umar Ibnul Farid, wanda aka haifa a Alƙahira a 1181, ya rasu a can a 1235, aka binne shi a gindin dutsen Muƙaɗɗam, kuma ake yi wa laƙabi da sarkin masoya. Diwaninsa ƙarami ne, amma babu sha'irin sufaye na Larabci da aka yi wa sharhi kamarsa.

Na fara da ƙasidar giya, wadda ta buɗe da cewa sun sha wata giya bisa ambaton masoyi, sun bugu da ita tun kafin a halicci kurangar inabi. Baitin da kansa ya toshe hanyar mummunar fahimta, domin giyar da ta riga inabi samuwa ba za ta zama ta kwalba ba, kuma masu sharhi sun danganta ta da alkawarin da Allah ya ɗauka daga zuriyar Adamu a aya ta 172 ta Suratul A'araf. Daga nan ya ci gaba da siffanta ta, har ya ce da za a yayyafa ta a kan ƙasar kabari, da rai ya dawo wa mamacin.

Amma inda batun littafina ya fito fili shi ne a babbar ƙasidarsa ta Ta'iyya, mai kimanin baiti 760. A cikinta yana magana da abin ƙaunarsa da lamirin mace, kuma a wani wuri ya faɗi kai tsaye cewa duk wani mai kyau, namiji ko mace, aron kyawunsa aka ba shi daga kyawunta, kuma ita ce ta ruɗa Ƙaisu a kan Lubna, da Majnunu a kan Laila, da Kusayyiru a kan Azza. Na daɗe a kan waɗannan baituka. Bai ce masoyan nan sun yi ƙarya ba, bai kuma ce sun ɓata ba. Cewa ya yi abin da suka gani gaskiya ne, sai dai ba su san mai shi ba. Bambancin da ke tsakanin wannan magana da batun ɓawo da ƙwaya babba ne, domin aro yana nuna mai kaya, kuma wanda ya ga kayan ya riga ya ga wani abu na mai su.

Ina amfani da sharhi biyu a gefe ɗaya: na Hasanul Burini, wanda ya rasu a 1615 kuma ya mai da hankali ga nahawu da balaga da ma'anar zahiri, da na Abdulganiyyu an-Nabulusi, wanda ya rasu a 1731 kuma yake ba kusan kowace kalma ma'anar baɗini. Nabulusi babban malami ne, amma a wasu wurare sharhinsa yana cika baiti da ma'anoni har zafin kukan da ke cikinsa ya huce. Na yanke shawarar cewa a littafina kowane baiti zai fara bayyana da ma'anarsa ta zahiri cikakkiya, sannan ta baɗini ta biyo baya.

Zan kuma kawo rikicin da ya tashi a Alƙahira wajen 1469 zuwa 1470, lokacin da malamin tafsiri Burhanuddin al-Biƙa'i ya kafirta Ibnul Farid, wasu malamai irin su Zakariyya al-Ansari suka kare shi, Sarki Ƙayitbai kuma ya goyi bayan masu kariyar.

5 ga Maris

Na karanta ɓangaren Gulshani Raz na Mahmud Shabistari, wanda ya tsara a 1317, inda ya yi bayanin abin da sufaye suke nufi da ido da leɓe da gashi da giya. Zai shiga a matsayin ƙaramin rataye. Yana da amfani ga mai fara karatu, muddin bai ɗauka cewa waƙa ta ƙare da zarar ya musanya kowace kalma da ma'anarta ba.

27 ga Maris

Babin Muhyiddin Ibnu Arabi shi ne mafi wuya zuwa yanzu, kuma shi ne zuciyar littafin. An haife shi a Mursiya ta Andalus a 1165, ya rasu a Dimashƙa a 1240. Da ya isa Makka a shekarar 598 bayan Hijira, daidai da 1202, ya zauna da wani malamin hadisi mutumin Isfahan, wanda yake da 'ya mai suna Nizam, kuma shi da bakinsa ya siffanta ta da ilimi da ibada da fasahar magana da kyau. Ita ce dalilin diwanin Tarjumanul Ashwaƙ, mai waƙoƙi 61 da aka gina a kan tsohon salon Larabawa na kufai da raƙuma da ayarin da ya tafi da masoyiya. Da labari ya iso masa cewa wani malamin fiƙihu a Halab yana cewa waƙoƙin soyayya ce zalla aka fake da addini, sai ya rubuta musu sharhi da kansa, baiti bayan baiti.

Abin da ya riƙe ni a nan shi ne, ko a cikin kare kansa bai goge yarinyar ba. Bai ce babu wata Nizam ba. Ya tabbatar da cewa duk sunan da ya ambata ita yake nufi, duk gidan da ya yi wa kuka gidanta ne, sannan a lokaci guda ya ce duk wannan ishara ce ga ilhamomin Ubangiji. Ya riƙe ɓangarorin biyu ba tare da ya saki ɗaya ba. A babi na 178 na Futuhatul Makkiyya ya raba so zuwa na Ubangiji da na ruhi da na ɗabi'a, ya kuma ce babu wanda ya taɓa son wani abu ban da Mahaliccinsa, sai dai an yi masa shamaki da son Zainabu da Su'ada da Hindu da Laila, da son dukiya da matsayi. A babin ƙarshe na Fususul Hikam kuwa ya ɗora bayaninsa a kan hadisin da Nasa'i ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce an sanya masa son mata da turare, an kuma sanya sanyin idonsa a cikin salla.

Akwai baitukan waƙa ta 11 da ake yawan yaɗawa, inda ya ce zuciyarsa ta zama mai karɓar kowace siffa, kuma addinin so yake bi duk inda raƙumansa suka nufa. Ana yanke su daga mahallinsu a nuna kamar ya bar Musulunci ne ya kama wani abu daban. A sharhinsa shi kansa ya danganta wannan magana da ayar nan ta Ali Imrana a kan bin Manzo, ya kuma ce cikar matsayin so keɓantacce ne ga Annabi Muhammadu (SAW). Zan sanya sharhin kusa da baitukan, domin adalci ne a bar mutum ya fassara maganarsa.

14 ga Afrilu

Na shiga sha'iran Farisanci, kuma ina karanta su ta fassarorin Larabci. Game da Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, na taƙaita labarin haɗuwarsa da Shamsut Tabrizi a 1244 da ɓacewar Shamsu bayan 'yan shekaru, duk da cewa wannan rashi na aboki kuma shehi shi ne ya mai da malamin fiƙihu sha'iri. Na fi son in tsaya a kan hikaya ta farko a Masnawi, littafin da ke da juzu'i 6 da baituka wajen 25,000.

Wani sarki ya sayi kuyanga ya kamu da sonta, sai ta kwanta rashin lafiya, likitoci suka kasa. Ya yi kuka a masallaci, aka nuna masa a mafarki cewa wani likita na Allah zai zo. Likitan ya keɓe da ita, ya ɗora yatsa a kan jijiyar hannunta, yana tambayarta garuruwan da ta zauna ɗaya bayan ɗaya, jijiyar tana bugawa yadda ta saba, har aka ambaci Samarƙandi, nan take bugun ya sauya, fuskarta ta canza. Ashe wani maƙerin zinariya take so a can. Aka yaudaro shi da dukiya, aka haɗa su wata 6 har ta warke, sannan likitan ya riƙa ba shi wani magani da ya rame shi ya ɓata masa kyau, sai son ya fita daga zuciyarta kafin ya mutu.

Hikayar tana da ɗaci, kuma Rumi da kansa ya tsaya yana kare likitan da misalin Halliru da yaron da ya kashe. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne, a cikinta ya faɗi magana biyu da suke kamar suna karo. A tsakiya ya ce so, ko daga wannan ɓangare ya fito ko daga wancan, a ƙarshe can yake kai mu. Kusa da ƙarshe kuma ya ce son da aka yi don launin fata ba so ba ne, ƙarshensa kunya, don haka a zaɓi son Rayayye wanda ba ya mutuwa. A fahimtata ba su yi karo ba. Maganar farko tana bayanin inda so ya dosa ne idan aka bar shi ya yi tafiyarsa, ta biyu kuma tana bayanin abin da ke faruwa idan aka ɗaure shi a kan fuska ɗaya. Na haɗa da gajeren labarin halifan da ya ce wa Laila bai ga ta fi sauran mata kyau ba, ta ce masa ya yi shiru tunda shi ba Majnunu ba ne.

29 ga Afrilu

Na kai daftarin babi 4 na farko ga wani dattijon malami da nake girmama fahimtarsa, yau kuma muka zauna a kansa. Ya ce, "Ɗana, ka yi wa sha'iran adalci, amma ba ka yi wa masu sukar su ba. Matashin da zai karanta wannan yana iya ɗauka an ba shi lasisin bin son zuciyarsa da sunan tafiya zuwa ga Allah." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai su kansu sha'iran sun gindaya sharaɗi." Ya ce to a fito da sharaɗin fili, a kuma bar masu sukar su yi magana da bakinsu.

Na karɓi shawarar, kuma zan ƙara babi guda. Zai ƙunshi Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, da abin da ya rubuta a Zammul Hawa da Talbisu Iblis game da waɗanda suka mai da kallon kyawawan fuskoki ibada, da kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, wanda ya yi tsanani a kan ishƙin surori, wato tsananin son kyawawan fuskoki, amma ya rubuta shafuka masu taushi a kan son Allah a Madarijus Salikin da Raudatul Muhibbin. Sukar ba daga waje kaɗai ta zo ba. An ruwaito cewa Shamsut Tabrizi ya tambayi Auhaduddin Kirmani, wani shehin sufaye da aka sani da neman kyawun Allah a fuskokin mutane, abin da yake yi, ya ce yana kallon wata ne a cikin tasar ruwa, sai Shamsu ya ce masa idan ba maruru ne da shi a wuya ba, me ya hana shi ɗaga kai ya kalle shi a sama. Da wannan labari zan buɗe babin.

11 ga Mayu

Fariduddin Aɗɗar na Nishapur ya samu fasali ɗaya, a kan hikayar Shaihu San'an da ke cikin Manɗiƙuɗ Ɗair: shehin da ya yi shekara 50 a Makka da muridai 400, ya kamu da son wata budurwa Kirista a ƙasar Rum har ya yi mata kiwon aladu, muridansa suka watse, sai ɗaya daga cikinsu ya tsawata musu suka koma suka duƙufa da addu'a har aka yaye masa. Na karanta ta a matsayin labarin rushewar jiji da kai, domin abin da ibadar shekara 50 ba ta cire masa ba, wato ganin kansa a matsayin shehi, soyayya ce ta tumɓuke shi. Ban tsawaita ba, saboda babin masu suka zai zo dab da shi.

30 ga Mayu

Daftarin babin Abdurrahman Jami ya kammala. Shi ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya ne, ya rayu a Hirat, ya rasu a 1492, kuma ya tsara Yusufu da Zulaiha a 1483. A farkon babin na fayyace cewa Alƙur'ani bai ambaci sunan matar ba, matar Aziz ya kira ta, kuma abin da ya biyo bayan ƙissar a waƙar daga ruwayoyin masu ƙissa da tunanin sha'iri ya fito.

A gabatarwar waƙar Jami ya kawo muridin da ya je wurin wani shehi neman shiriya, shehin ya ce masa idan bai taɓa so ba ya je ya so tukuna sannan ya dawo. Nan take kuma ya gargaɗi mai karatu kada ya daɗe a wurin kyawun zahiri, domin gada ce kawai, ya haye ta da sauri. Waƙar gaba ɗaya bayanin wannan hayewa ce. Zulaiha ta tsufa, ta makance, dukiyarta ta ƙare, ta koma zama a bukka a bakin hanyar da Yusufu yake wucewa domin ta ji motsin ayarinsa. Sai da ta fasa gunkin da take bauta wa ta fuskanci Allah, sannan aka mayar mata da gani da ƙuruciya aka aura mata shi. Bayan auren kuma zuciyarta ta wuce shi, ta duƙufa ga ibada, har ya zama shi ne yake neman ta. Gazali ya kawo irin wannan ruwaya a Ihya, inda ta ce masa ta so shi ne kafin ta san Ubangijinta. Abin da na jaddada shi ne, shekarun da ta yi tana son mutum ɗaya su ne suka koya mata haƙuri da ƙasƙantar da kai da mai da dukkan himma wuri guda, kuma da waɗannan ta isa inda ta isa.

Saura babi 2: na masu suka, da na yabon Annabi (SAW). A na biyun zan fara da Banat Su'ad ta Ka'abu bin Zuhair, wadda ya buɗe da kukan rabuwa da Su'ada ya kuma karanta ta a gaban Manzo (SAW), sannan Burda ta Busiri, wadda ta buɗe da hawayen tuna maƙwabtan Zi Salam amma ba ta ambaci sunan wata mace ba, da Ishiriniya ta Alfazazi. Abin da zan bincika shi ne dalilin da ya sa masoyiya ta riƙa janyewa daga mabuɗin ƙasidun yabo, wuraren Hijaz suka maye gurbinta. Gobe zan fara da sharhin Ibnu Hisham al-Ansari a kan ƙasidar Ka'abu.